Baƙin ƙwaron jigawa: littafin aikinmu daga kaka zuwa saukar ruwa

3 ga Nuwamba, 2024

Bana ambaliya ta sa an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, shi ya sa aikin da na so mu fara tun ana yankan gero sai yanzu ya samu hannu. Ni da 'yan ajina na kimiyyar halittu, a wani ƙauye da ke arewa da Damagaram, mun ɗaura aniyar bin rayuwar baƙin ƙwaron nan mai kumburarren baya da ke yawo a kan yashi, daga kaka har ruwa ya sake sauka. Muna son mu ga inda yake kwana, abin da yake ci, lokacin da yake fitowa, da abin da ke cinsa. Kowa a garin nan ya san shi. Yara na shurinsa a hanyar rijiya, mata na share shi daga gindin rumbu, amma ba wanda ke tsayawa ya dube shi.

Yawancin yaran sun ce buzuzu ne. Na sa aka kamo duka biyun muka jera su a faifai. Buzuzu yana da faffaɗan kai na haƙa, ƙafafunsa na gaba masu haƙora ne, yana mirgina kashi, kuma yana tashi sama. Namu ba ya tashi ko kaɗan. Fukafukansa na sama masu tauri sun manne da juna sun zama ƙwanso guda, tamkar ƙoƙo a kife, a ƙarƙashinsu kuma babu fukafukan tashi. Tsawonsa santimita 2 zuwa 3, bayan nasa da ƙananan gudaji da layuka, ƙafafunsa dogaye.

Da madubin ƙara girma muka ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafarsa: biyar a ƙafafun gaba, biyar a na tsakiya, huɗu a na baya. Wannan ita ce alamar da ake fara dubawa a danginsa, wato Tenebrionidae, dangi mai nau'i sama da 20,000 a duniya, wanda ya shahara da iya zama a busasshiyar ƙasa. Jinsinsa Pimelia ne, sunan da masanin ƙwari Fabricius ya ba shi a 1775. Ana samun 'yan wannan jinsi daga tsibiran Kanari da ƙasashen bakin Bahar Rum, su ratsa Sahara da Sahel, har zuwa ƙasashen Larabawa da Indiya. Wanda aka fi ambata a yankinmu shi ne Pimelia senegalensis.

Mun zaɓi wurare huɗu: gonar gero da aka girbe mai manyan gawuna, tudun yashi mai kalimbo da ƙarangiya, masussukar da ke bayan rumbuna, da wani fako da ruwa ya wanke ya bar shi fayau.

17 ga Nuwamba, 2024

Tarkonmu gwangwanin tumatir ne babba. Mun huda gindinsa, mun binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, mun zuba yashi kaɗan a ciki, sannan muka ɗora katangar tukunya a kan duwatsu don inuwa. Ba ruwa, ba magani. Duk abin da ya faɗa da dare za a duba shi da sassafe a sake shi. Doka ɗaya na kafa mai ƙarfi: ba mai sa hannu a gwangwani, sai da ludayi, domin kunama ma tana faɗawa, kuma ta riga ta faɗa.

Hanya ta biyu ta fi tarkon daɗi a wurina. Da yamma sai a share wani yanki na yashi da tsintsiya har ya yi sumul, da asuba a zo a karanta. Sawun ƙwaron layi biyu ne na 'yan ɗigo a jere, da ɗan fili a tsakaninsu, domin yana ɗaga cikinsa sama ba ya jan sa a ƙasa. Na ƙadangare yana da zanen wutsiya a tsakiya, na gafiya da ɓera kuwa ba a ma rikita su da shi. Wata yarinya da ke kiwon awakin gidansu ta fi kowa iya wannan karatu. Ta ce mini, "Mushe (haka yara ke kiran malami a nan), ai ba ya tafiya a banza, duba, daga wannan kalimbo zuwa wancan yake zuwa." Gaskiyarta. Sawun ba ya daɗewa a fili, kullum daga gindin wani tsiro yake zuwa gindin wani.

Abin da ya fara bayyana shi ne fako ba nasa ba ne. Gwangwanin da ke can kusan kullum wayam yake, sai tururuwa. Gindin gawo da masussuka su ne kan gaba, tudun yashi na biye. Ƙwaron yana son abu biyu a wuri guda: yashi mai laushi da zai iya nutsewa a ciki, da tarkacen tsiro da iska ta tara. Inda ɗaya ya rasa, shi ma ba a ganinsa sosai.

8 ga Disamba, 2024

Makonnin nan a kan abinci muka zauna. Mun jera abubuwa a kan yashi da la'asar, muka koma gefe muka zuba ido: ƙaiƙayi, dusa, tsabar gero, busasshen ganyen wake, ɓawon aduwa, kashin awaki, guntun kankana, da mataccen fara.

Kusan duka ya ci. Amma a kan abu biyu suka fi taruwa, kankana da mataccen fara. Kankana saboda ruwa. Faran kuwa ya ba yaran mamaki, domin sun ɗauka mai cin ciyawa ne kawai. Suna somawa daga cikin faran mai taushi, su bar ƙafafu da fukafukai, sauran kuma tururuwa ta kwashe. Ba ya farauta, ba shi da saurin kama mai rai, ba shi da makamin yi. Abin da ya mutu, abin da ya bushe, abin da ya faɗo, shi ne rabonsa.

A nan ne nake ganin girman aikinsa, kuma shi ne dalilin da ya sa na zaɓe shi a kan sauran ƙwari masu kyan gani. A ƙasa mai laima, ƙwayoyin halitta da funfuna su ke ruɓar da ganye su mayar da shi taki. A nan, wata takwas ko fiye ba ɗigon ruwa, waɗannan duka suna kwance, ba abin da ke ruɓewa. Ganyen da ya faɗi a Nuwamba zai iya zama yadda yake har Yuni. Masu aiki a wannan tsakani su ne gara, tururuwa da irin wannan ƙwaro. Gara ta ɗauki kara da itace. Shi kuma ya ɗauki ƙananan: ɓarɓashin ganye, fure, ƙaiƙayi, gawar ƙwari. Yana niƙa su, ya fitar da su ƙanana, ya kuma tura wasu cikin yashi a garin haƙa. Idan ruwa ya zo, abin da aka riga aka niƙa shi ke fara narkewa ya shiga ƙasa.

Matan da ke sussuka sun tambaye mu ko shi ne ke ɓata gari a cikin buhu. A'a. Mai wannan ɓarna ɗan'uwansa ne na nesa, ƙaramin jan ƙwaro da bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, Tribolium castaneum, wanda ke sa gari ya yi wari. Dangi ɗaya ne, sana'a dabam. Babban yana tsintar abin da ya zube a ƙasa ne, ba ya zama cikin buhu.

22 ga Disamba, 2024

Mun fara sa musu alama da ɗigon jan farce a baya, kowane wuri da launinsa. Ba ya cutar da su, kuma ba sa yin saɓa bayan sun girma, saboda haka alamar na daɗewa. Waɗanda muka sake kamawa yawanci a kusa da inda aka sake su muka same su. Ɗaya dai mai alamar masussuka ya ɓulla a gindin gawo, ya ƙetare hanyar shanu da ƙafa.

12 ga Janairu, 2025

Sanyi ya kama sosai, kuma ƙwaron ya sauya lokacin fita. A farkon Nuwamba da magariba da farkon dare muke ganinsa. Yanzu dare ya yi masa sanyi. Filin da muke sharewa da yamma yana kwana ba sawu, sai hantsi ya ɗaga sannan layukan su fara bayyana. Da safe za ka tarar da shi a gefen tudu da ke fuskantar gabas, a tsaye cik, rana na dukan bayansa. In ka taɓa shi a lokacin da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Bayan ɗan lokaci sai ya ware ya kama tafiya.

Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, daga rana da ƙasa yake samu. Baƙin launi yana shan zafi da wuri, wanda a hunturu riba ne. Saboda haka ba daidai ba ne a ce wannan ƙwaro na dare ne ko na rana ne. Zafin ƙasa yake bi. In ya yi daidai ya fito, in ya yi yawa ko ya yi kaɗan ya nutse.

Akwai wani da ke faɗa mana a gwangwanin masussuka wanda ya bambanta: ya fi tsawo, bai kai namu kumburi ba, jikinsa da gashi-gashi. Wannan Trachyderma hispida ne, shi ma ɗan dangin, mai son gindin katanga, kango da ƙarƙashin rumbu, kuma shi ya fi riƙe dare. Na ware masa shafi dabam don kada lissafi ya cakuɗe.

9 ga Fabrairu, 2025

Tun Oktoba ba ruwa. Rijiya ta ja baya, ƙarangiya ta zama fara fat, amma ƙwaron yana nan yana yawo. Wani yaro ya yi tambayar da nake jira: "Mushe, to ina yake shan ruwa?" Darasin mako guda ya fito daga wannan tambaya, ga abin da muka tattauna.

Da farko dai, ba ya zubar da abin da yake da shi. Ƙwari suna numfashi ne ta 'yan hujoji da ke gefen jikinsu, kuma duk numfashi yana fita da laima. A jikin wannan, hujojin ciki ba sa buɗewa kai tsaye zuwa waje. Suna buɗewa ne a cikin wani ɗan sarari da ke ƙarƙashin ƙwanson baya, tsakanin ƙwanso da ciki. Iskar da ke wurin tana riƙe da laima, ƙofar fita kuma ƙarama ce a can baya. Mun ɗauki busasshiyar gawar ɗaya muka ɓalle ƙwanson, yaran suka ga sararin da idonsu. Wato tashi sama ya bari ya samu wannan ma'ajiya, kuma a ƙasa irin tamu cinikin ya yi.

Sannan fatarsa tana da rufin kakin da ke hana ruwa tsatsowa. Hanjinsa kuma yana da wani tsari a ƙarshensa wanda ke tsotse ruwa daga kashi kafin ya fita, har kashin ya fito a bushe ƙurmus. Wannan tsari yana da ƙarfi ƙwarai a dangin nan. Tsutsar Tenebrio molitor, wadda ake kiwo a Turai don tsuntsaye da kifi, tana iya jan ruwa da shi daga iska mai laima sosai ba tare da ta sha komai ba. Bayan haka, jiki da kansa yana samar da ruwa kaɗan idan yana ƙona abinci, ko da abincin busasshe ne. Ragowar kuma daga abin da ya tsinta: ɗanyen ganye, 'ya'yan itace, gawar ƙwaro, kashin dabba da bai gama bushewa ba.

Na ba su labarin 'yan'uwansa na hamadar Namib, a kudu maso yammacin Afirka, domin su ne suka fi suna a duniya. A can hazo mai ɗauke da ruwa yana tasowa daga teku da dare. Wani ƙwaro, Onymacris unguicularis, sai ya hau kan tudu ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya yana fuskantar iska, ruwa ya taru a bayansa ya gangaro zuwa bakinsa. Masana biyu, Hamilton da Seely, su suka bayyana wannan a 1976. Yaran suka ce to mu ma muna da hazo. Muna da shi, amma namu ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, ba ruwa a cikinsa, ƙara busar da leɓe ma yake yi. Namu ƙwaron ba shi da teku a kusa. Tattali kawai ya riƙe, kuma ni wannan ya fi burge ni.

Gawo yana taimakonsa ƙwarai a wannan wata. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ga 'ya'yansa sun fara faɗowa. Awaki da tumaki na wuni a gindinsa, suna barin kashi da ɓarɓashi. Inuwa, abinci da yashi mai sanyi duk sun haɗu a wuri ɗaya. Manoman Mirya, Magarya da Matamaye da suka bar gawo ya sake tsirowa a gonakinsu sun yi wa halittu da yawa gida, har da waɗanda ba a lissafa ba.

23 ga Fabrairu, 2025

Wannan shi ne shafin da na fi so a karanta.

Mun fita haƙa da hauya da rariya a gefen gonar gero da saurar da ke kusa da ita. A kankare yashi a hankali, santimita kaɗan kaɗan, a tankaɗe. Abu biyu muke nema, kuma mun samu duka.

Na farko ƙunshin ƙwan fara. Farar da ta fi cin gero a Sahel ita ce Oedaleus senegalensis. A ƙarshen damina macen tana tura cikinta cikin yashi ta zuba ƙwai a dunƙule, ta rufe da kumfa, yashi ya manne a jiki ya zama ɗan siririn bututu mai lanƙwasa. Ƙwan yana kwance duk rani bai ƙyanƙyashe ba, sai ruwan farko mai ƙarfi ya jiƙa ƙasa. Shi ya sa 'ya'yan fara ke fitowa daidai lokacin da gero ya tsiro, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku.

Na biyu tsutsar ƙwaronmu. Doguwa ce, rawaya-rawaya, mai santsi da tauri, kanta ja-ja, ƙafafunta shida suna can gaba, na farkon sun fi ƙarfi don haƙa. In ka ajiye ta a kan yashi nan da nan ta nutse. A ƙasa take rayuwarta duka, tana cin saiwa da ta mutu da tarkacen da aka binne. Idan ta ci karo da ƙunshin ƙwan fara kuwa, sai ta huda shi ta cinye. Mun tarar da ƙunshi da dama a fashe ta gefe, ciki ba komai sai ɓawo.

Wannan ba mu muka fara gani ba. Bayan ɓarkewar fara ta 1974, masanin fara George Popov ya bi diddigin ƙwan wannan fara a Sahel, ya nuna cewa babban kaso na ƙwan yana halaka a cikin ƙasa kafin damina, a bakin masu cinsa. Cikin waɗanda aka sani da wannan aiki akwai tsutsar wasu ƙudaje masu gashi na dangin Bombyliidae, akwai tsutsar hangara, akwai kuma tsutsar Pimelia senegalensis. Hangara dai kowa ya san ta da cin furen gero da ƙona fata, amma 'ya'yanta a ƙasa ƙwan fara suke ci.

Mai gonar, dattijo ne da ya haura saba'in, ya zo ya tsaya a kanmu. Na ce, "Baba, ka ga wannan tsutsa? Ita ce ta cinye ƙwan nan." Ya karɓi fasasshen ƙunshin ya murza a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, na ga shekarun fara, na ga lokacin da muka shuka har iri ya ƙare. Ban taɓa sanin akwai mai taya mu yaƙi a ƙarƙashin ƙasa ba." Shekarun da yake nufi su ne na tsakiyar 1980, lokacin da ruwa ya dawo bayan fari, fara ta cika Sahel a 1985 da 1986. Ya ce mu ci gaba da haƙa a gonarsa duk lokacin da muke so, mu dai mayar da ƙasa.

16 ga Maris, 2025

Azumi ne, mun rage fita. Aikin ya koma cikin aji, inda muke da bokitai masu yashi mai zurfin taƙi biyu, ana zuba ruwa kaɗan ta wani bututu zuwa ƙasa don gindin ya yi laima saman ya zauna a bushe. Tsutsotsin da muka kawo suna yin saɓa, muna tsintar tsohuwar fatar a sama. Dole kowace ta samu gwangwaninta, domin in an haɗa su a ƙunci suna cin junansu. Manyan ƙwarin kuma dusa da ɓawon kankana sun ishe su.

20 ga Afrilu, 2025

Bazara ta kai maƙura. Iska tana wuce digiri 40 da rana, saman yashi kuwa a irin wannan wata yana iya haura 60. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya babu ƙwaro ko ɗaya a fili. Fitarsa ta rabu biyu: daga asuba zuwa fitowar rana, sai kuma bayan magariba zuwa cikin dare. Mun bi sawu har inda ya ɓace muka tona a hankali. Wasu suna cikin yashi a gindin kalimbo, wasu a ramin ɓera ko na gafiya, wasu a ƙarƙashin busasshen kashin shanu ko tarin kara. A zurfin tafin hannu ɗaya, yashin ya riga ya yi sanyin da hannu zai iya jurewa. In zafi ya riske shi a fili, yana miƙe ƙafafu ya ɗaga jiki sama ya ruga zuwa inuwa mafi kusa.

Wannan ya sa na fara kallon sharar gona da wani ido. Yanzu ne ake kwashe kara kaf, a tara abin da ya rage a cinna wuta. Na san dalili, kara abincin dabba ne, kuɗi ne, kuma ba mai iya ce wa talaka ya bar shi. Amma gonar da aka bar wa ko da layi kaɗan na kara a kwance ta fi riƙe yashi idan iska ta taso, kuma a nan muke samun ƙwaron. Wadda aka share tas ta koma daidai da fako a littafinmu.

Game da masu cinsa: ba shi da wari. Wasu 'yan danginsa, irin su Blaps na Afirka ta Arewa da Turai da Eleodes na Amurka, suna ɗaga baya su fesa ruwa mai ɗoyi. Reshen su Pimelia ba shi da wannan jaka, taurin ƙwanso kawai ya dogara da shi. Kaji kan sare shi su bari, zabi ba sa bari. Mun ga cilakowa tana tona gindin gawo, mun kuma sami ɓarɓashin baƙin ƙwanso a kashin yanyawa a bakin raminta. Ƙwanson da babu kowa a ciki yana daɗewa a kan yashi, yaran sun tara cikin gwangwani guda.

18 ga Mayu, 2025

A cikin bokiti, wasu tsutsotsin sun daina ci. Mun tona ɗaya a hankali muka same ta a wani ɗan ɗaki da ta yi a yashi mai laima, ta rikiɗa ta zama fara sol, ƙafafu a naɗe a ƙirji, siffar babban ƙwaro ta fara fita. Mun rufe ta yadda muka same ta. Sabon ƙwaro yana fitowa da launi mai haske da jiki mai taushi, sai daga baya ya yi tauri ya yi baƙi.

Na gayyaci ɗaya daga cikin mutanen garin da aka horar kan feshin maganin ƙwari ya zo ajinmu, domin damina ta kusa, kuma in fara ta fito shi za a kira. Mutum ne mai hankali. Na nuna masa tsutsar da fasassun ƙunshin ƙwai. Ba na cikin masu cewa kada a yi feshi. Wanda ya taɓa ganin gonar da fara ta kwana a ciki ba zai faɗi haka ba, kuma ba a manta da farar ɗango ta 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 ba. Abin da nake roƙo shi ne a san abin da ke ƙasa. Maganin da ake fesawa ba ya tambayar suna. Don haka ne ma shirin Locustox na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Senegal ya sa Pimelia senegalensis da Trachyderma hispida cikin ƙwarin da ake gwada illar magungunan fara a kansu.

Akwai kuma wata hanya da aka gwada a ƙasarmu Nijar. Wani shirin bincike kan yaƙi da fara mai suna LUBILOSA ya samar da magani daga wani funfuna, Metarhizium, mai kama fara da danginta kawai, wanda aka sayar da sunan Green Muscle. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada shi a Maine Sorowa a kan wannan farar ta gero, aka kwatanta shi da fenitrothion, wani maganin feshi na sinadari. Funfunan ya fi jinkirin kisa, amma aikinsa ya fi daɗewa, kuma ya fi barin ƙwarin da ke yawo a ƙasa lafiya. Baƙon namu ya ce matsalar ita ce manomi yana son ya ga fara ta zube a ranar. Na yarda da shi. Mun dai tsaya a kan abin da yake hannunsa: feshi a inda 'ya'yan fara suka taru kawai, ba gona duka ba, kuma ba a gindin gawo ba sai dole.

22 ga Yuni, 2025

Ruwan shuka ya sauka bayan sallar layya, gari duka ya fita gona. Washegari yashi ya cika da sawu, kuma cikin waɗanda suka faɗa gwangwani akwai masu ɗigon jan farce na Disamba, launin ya koɗe amma yana nan. Sun ratsa hunturu da bazara duka a raye. Damo ma ya fito daga kwanciyarsa ta rani, shi kuma babban mai cin ƙwaro ne, mun ƙara shi a jerin. Mun ɗaga bakin gwangwanayen kaɗan, mun ƙara huda gindinsu don kada ruwa ya taru.

Dattijon nan mai gona ya kawo ƙara. Ya ce, "Malam, mutumin naka fa ana zarginsa. Wasu na cewa yana yanke gero in ya tsiro." Magana ce da ta cancanci a duba ta da gaske, domin a dangin akwai ƙananan ƙwari, irin su Gonocephalum, da aka sani da cin tsiro yana ƙarami, kuma mun ga namu ba ya ƙin ɗanyen ganye. Na ce, "To Baba, ba mu kusurwa ɗaya mu gwada a gabanka." Ya ba mu.

Mun kewaye ramukan shuka da faranti na kwano da aka nutsa a ƙasa. A wasu mun sa ƙwari tare da ƙaiƙayi da busasshen ganye, a wasu ƙwari ba tare da wani abinci ba, wasu kuma ba ƙwaro ko ɗaya. Za a duba tsiron kowace safiya har ya yi ganye huɗu, a rubuta wanda aka yanke da wanda aka ɗan gutsura. Makaranta na shirin rufewa, saboda haka yara uku da gidajensu ke kusa da gonar sun karɓi littafin, dattijon kuma ya ce shi zai riƙa tashinsu bayan sallar asuba.